Rantsuwar Lauya da Amanar Ƙuri'a



Mas'alar da muka ɗauko a sharhinmu na yau, ko da yake a zahiri mutane ƙalilan ta shafa, wato lauyoyin da hukuma kan ɗora wa nauyin lura da zaɓe ko yanke hukunci a kansa, a haƙiƙa ta shafi duk wanda ya taɓa barin gonarsa ko rumfarsa, ya tsaya a layi rana tana dukansa, domin ya jefa ƙuri'a. Tambayar ita ce: idan lauya ya tuɓe baƙar rigarsa ta kotu, ya hau kujerar jami'in zaɓe, sa'an nan ya ci amanar da aka danƙa masa, shin 'yan'uwansa na sana'a suna da ikon su kira shi su tuhume shi, ko kuwa zai iya ce musu wannan aikin hukuma ne, babu ruwansu da shi? Za mu nemi jawabi a ƙasar Faransa, a biranen Paris da Lyon, domin daga can aka ɗauko tsarin lauyoyin Nijar, kuma domin a can an rubuta jawabin ɓaro-ɓaro a cikin doka, amma da ranar jarrabawa ta zo, sai aka ga inda hannun dokar ya gaza kaiwa.

A Faransa babu hukumar zaɓe guda mai zaman kanta irin wadda muka sani a Abuja ko Yamai. Ma'aikatar cikin gida ce take shirya zaɓe, magadan gari su buɗe rumfuna, kowace rumfa da shugabanta da mataimaka aƙalla biyu da magatakarda, akwatin kuma tun daga dokar 1988 ya zama wanda ake ganin abin da ke cikinsa. Idan an rufe da ƙarfe takwas na dare, kamar yadda ake yi a Paris da Lyon, mutanen unguwa ne suke zama huɗu-huɗu a tebur su ƙirga a idon kowa. Sai dai dokar zaɓe ta wajabta cewa duk garin da mutanensa suka haura 20,000 a kafa masa kwamitin sa ido, alƙali ya shugabance shi, babban alƙalin kotun ɗaukaka ƙara kuma ya naɗa masa mamba wanda ana iya ɗaukowa daga cikin mataimakan shari'a, lauyoyi kuwa suna cikin wannan rukuni. Lauyan da aka naɗa haka yana da izinin shiga kowace rumfa a kowane lokaci, ya nemi a nuna masa takardu, ya tilasta a rubuta abin da ya gani a cikin rahoton rumfar, ko kafin a bayyana sakamako ko bayansa. Akwai kuma lauyoyi da yawa da suka zama kansiloli ko mataimakan magajin gari, waɗanda ta wannan hanya sukan wayi gari su ne shugabannin rumfa. Dokar ta ce wanda ya yi maguɗi hukuncinsa ɗaurin shekara ɗaya ne da tarar yuro 15,000, amma idan shugaban rumfa ne, sai a ninka masa.

To, wannan hukuncin kotu ke nan, wanda ya hau kan kowa. Lauya yana da wani alƙalin na biyu. Bayan juyin juya halin Faransa ya rushe ƙungiyar lauyoyi a 1790, Napoleon ya maido da ita a watan Disamba na 1810, ba don yana ƙaunarsu ba, domin tarihi ya tabbatar da cewa ya so a ce yana da ikon yanke harshen duk lauyan da ya juya shi a kan gwamnati; amma daga wannan maidowar aka gaji tsarin da yake nan har yau, inda kowane gari mai babbar kotu yake da ƙungiyarsa, da shugabanta da ake kira batoniye, da majalisar da take riƙe da kundin sunayen waɗanda aka yarda su tsaya gaban alƙali. Ƙungiyar Paris tana da lauyoyi fiye da 30,000, ta Lyon, wadda take biye da ita, tana da wajen 4,000. A da, kowace ƙungiya ita take hukunta nata, har aka lura cewa a ƙananan garuruwa mai tuhuma da wanda ake tuhuma da mai hukunci duk sun san juna, sun ci abinci tare, wataƙila ma suna jayayya a kan masu kawo ƙara. Saboda haka dokar Fabrairu 2004 ta ɗauke ikon ta ba majalisar ladabtarwa ta yanki, ta yadda lauyan Lyon yake gurfana gaban wakilan da aka haɗo daga Lyon da Saint-Étienne da Roanne da sauran ƙungiyoyin yankin. Paris kaɗai aka bar wa majalisarta, saboda girmanta. Daga baya dokar Disamba 2021 ta ƙara buɗe ƙofa: wanda ba lauya ba yana iya kai ƙararsa har gaban majalisar, kuma a irin wannan hali alƙali ne yake shugabantar zaman.

Matakan horon huɗu ne, daga gargaɗi, zuwa zargi a rubuce, zuwa dakatarwa wadda ba ta wuce shekara uku, zuwa soke suna daga kundi baki ɗaya. Amma abin da ya fi dacewa da zancenmu shi ne sashe na 183 na dokar Nuwamba 1991, wanda ya ce duk saɓa wa doka, da duk tawaya a gaskiya ko mutunci ko kyakkyawar mu'amala, yana jawo wa lauya horo, ko da abin ya auku ne a wajen aikinsa na lauya. Wanda ya zauna gaban malaman fiƙihu a zaurukan Kano ko Sakkwato ko Damagaram ba zai ji wannan baƙon abu ba, domin babin shaida a littattafan Malikiyya, irin Tuhfa ta Ibn Asim da alƙalanmu suka daɗe suna aiki da ita, bai tsaya ga cewa mai shaida ya faɗi gaskiya a ranar shari'a kawai ba. Ya sharɗanta masa adalci a dukan rayuwarsa, ya nisanci kaba'ira, ya kiyaye muru'arsa, kuma idan aka tabbatar da abin da ya zubar da ita, ko a kasuwa ne ko a gidansa, sai a yi masa tajrihi a daina karɓar maganarsa. Hikimar ɗaya ce nan da can: mutumin da jama'a suke dogara da kalmarsa ba ya rabuwa gida biyu. Lauyan Faransa yakan rantse a ranar shigarsa cewa zai yi aikinsa da mutunci, da sauraron zuciyarsa, da 'yancin kai, da riƙon amana, da jinƙai, kuma ba don ya iya ƙirga takarda fiye da maƙwabcinsa ake kiransa zuwa kwamitin zaɓe ba, don wannan rantsuwar ake kiransa.

Yanzu sai mu zo ga mutumin da labarinsa ya sa muka ɗauko wannan batu, Roland Dumas. An haife shi a Limoges a 1922, Jamusawa suka harbe mahaifinsa a 1944 saboda gwagwarmayar 'yantar da ƙasa, shi ma ya shiga wannan gwagwarmaya yana saurayi, sa'an nan ya zama ɗaya daga cikin fitattun lauyoyin Paris. Ya kare Faransawan da suka taimaki mayaƙan 'yancin Aljeriya a lokacin da yin haka yake da hatsari, ya zama lauyan mai zanen nan Picasso, ya riƙe ministan harkokin waje sau biyu a zamanin Shugaba Mitterrand. A 1987, a tsohuwar kotun Lyon mai ginshiƙai 24 da ke bakin kogin Saône, yana cikin lauyoyin da suka tsaya wa waɗanda ɗan Nazi Klaus Barbie ya azabtar, alhali Jacques Vergès yana kare wanda ake tuhuma. Mun kawo wannan duka domin kada mai sauraro ya ɗauka wani ɗan damfara muke zance a kai. Mutum ne wanda ya san shari'a ciki da waje, ya kuma san abin da zalunci yake yi wa gida. A farkon 1995, ana saura 'yan watanni Mitterrand ya sauka, ya naɗa shi shugaban Majalisar Tsarin Mulki, wadda ita ce take sa ido a kan zaɓen shugaban ƙasa, ta bayyana wanda ya ci, kuma a wancan zamani ita take binciken kuɗin da 'yan takara suka kashe.

A zaɓen wannan shekara doka ta ƙayyade faran miliyan 90 ga ɗan takarar da ya tsaya a zagaye na farko, miliyan 120 ga wanda ya kai na biyu. Édouard Balladur, firayim minista, ya faɗi a zagayen farko ranar 23 ga Afrilu. Bayan kwana uku sai aka zuba tsabar kuɗi faran miliyan 10 da dubu 250 a asusun yaƙin neman zaɓensa, akasarinsu manyan takardu, wanda a canjin wancan lokaci ya haura sefa biliyan ɗaya. Da aka tambayi asalinsu, sai aka ce daga gudummawar magoya baya ne a wuraren taro da cinikin riguna da 'yan kayan talla. Masu binciken da Majalisar ta ɗora wa aikin, waɗanda ƙwararrun alƙalai ne na ɓangaren mulki da na lissafin kuɗin gwamnati, ba su gamsu ba, suka ba da shawarar a yi watsi da lissafin. Suka kuma gano cewa shi ma Jacques Chirac, wanda ya ci zaɓen, ya ƙetare iyaka. Abin da ya biyo baya shi ne aka yi ta mayar musu da aikin, ana rage wannan ana cire wancan, har jimlar ta sauko ƙasa da iyakar da doka ta yanka, kuma a watan Oktoba na 1995 Majalisar ta amince da lissafin mutanen biyu.

Ba a san wannan dalla-dalla ba a lokacin, domin 'yan Majalisar sukan rantse za su ɓoye sirrin shawararsu, kuma tsarin mulki ya ce hukuncinsu ba a ɗaukaka ƙara a kansa zuwa ko'ina. Sai a 2011 ɗaya daga cikinsu, malamin shari'a Jacques Robert, ya fito ya yarda cewa dabara aka yi. A 2015 Dumas da bakinsa ya gaya wa jaridar Le Figaro cewa lissafin Balladur da na Chirac sun saɓa wa ƙa'ida a fili, amma yana da yaƙinin cewa ya ceci Jamhuriya ne da ya bar su suka wuce. A Oktoba 2020, bayan cikar shekara 25, aka buɗe kundin zaman, 'yan jarida suka karanta, suka iske abin kamar yadda aka faɗa. Gaskiya ta wajabta mu ƙara da cewa kotun da take shari'ar ministoci ta wanke Balladur a Maris 2021 daga tuhumar da aka yi masa game da asalin kuɗin. Zancenmu a kan masu hukunci ne, ba a kansa ba.

A nan ne nake so mai sauraro ya dakata tare da ni, domin uzurin da Dumas ya kawo shi ne mafi hatsarin uzuri, kasancewar yana sanye da rigar maslaha. Malamanmu sun san maslaha, sun san larura, amma sun ɗaure su da sharuɗɗa masu tsauri: cutar da ake gudu ta zama tabbatacciya, ba zato ba; kada a wuce gwargwadon buƙata; kuma kada a rushe nassi bayyananne da sunan gyara. A wannan shari'a kuwa, abin da doka ta tanada ga wanda aka ƙi lissafinsa shi ne ya rasa kuɗin da gwamnati take mayar wa 'yan takara, ya kuma biya baitulmali abin da ya ƙetare. Babu inda ta ce kujerar shugaban ƙasa za ta faɗi. Abin da aka tsare, ashe, shi ne kunyar manya da aljihunsu. Hujja kuma ta zo daga baya, domin a Yuli 2013 wannan Majalisa ɗin ta tabbatar da ƙin lissafin Nicolas Sarkozy na zaɓen 2012, jam'iyyarsa ta shiga neman gudummawa don ta cike giɓin, kuma Jamhuriya ta kwana lafiya ta tashi lafiya. Mai awo a kasuwa idan ya danne mudu don kada babban ɗan kasuwa ya ji kunya, ko da ya rantse zaman lafiyar kasuwa yake nema, abin da ya koya wa kowa shi ne mudun yana da masu shi.

Ba a nan kaɗai aka ga wannan sassauci ba. A Fabrairu 1998, Dumas yana kan kujera, Majalisar ta duba ƙarar da Lyne Cohen-Solal ta kai a kan zaɓen Jean Tiberi, magajin garin Paris, wanda tsohon alƙali ne. Ta yarda cewa akwai manyan kurakurai a rajistar masu zaɓe ta gunduma ta biyar, amma ta bar masa kujerarsa bisa dalilin cewa ratar ƙuri'u ta fi su yawa. Sai a 2009 kotun laifuka ta same shi da laifi a kan masu zaɓe na bogi, ta yanke masa ɗaurin wata goma na jeka-ka-gyara-halinka da hana tsayawa takara shekara uku, hukuncin kuma bai zama na ƙarshe ba sai 2015, shekara 18 bayan zaɓen da aka yi ƙorafi a kansa.

Abin da yake damuna shi ne wannan: ƙaramin lauyan da aka tura rumfar wata makaranta a Lyon, idan ya rufe ido a kan takarda goma, batoniye yana iya kiransa, mai gabatar da ƙara yana iya kiransa, sunansa yana iya fita daga kundi; wanda ya zauna a kujerar Majalisar Tsarin Mulki kuwa, sirrin shawara ya lulluɓe shi har rubu'in ƙarni. Dumas ya sauka daga Majalisar a 2000 saboda wata shari'a dabam, ta kamfanin Elf, wadda kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi daga gare ta a 2003, ya koma aikinsa na lauya. A ƙarshen Disamba 2010 aka gan shi a Abidjan tare da Vergès, abokin hamayyarsa na Lyon, sun je tsaya wa Laurent Gbagbo, bayan Majalisar Tsarin Mulkin Kwaddibuwa ta soke ƙuri'un wasu yankunan arewa ta ba shi nasarar da hukumar zaɓe ta riga ta ba Alassane Ouattara. Rikicin da ya biyo baya ya ci rayuka wajen 3,000. Dumas ya rasu a Yuli 2024 yana da shekara 101. Faransa dai ta ɗan gyara: tun 2006 wata hukuma dabam take fara binciken lissafin 'yan takara, tun 2013 kuma an haramta wa ɗan Majalisar Tsarin Mulki ya haɗa kujerarsa da aikin lauya. A 2018 Majalisar da kanta ta tabbatar da cewa tuhumar ladabtar da lauya ba ta da wa'adin da take mutuwa, wato tsufan laifi ba ya hana 'yan'uwa su tambaya.

Mu dawo gida, domin abin bai yi nisa da mu ba. A Nijar lauya ne, Issaka Souna, ya shugabanci hukumar zaɓe mai zaman kanta da ta gudanar da zaɓukan 2020 da 2021, wanda yake nuna irin dogaron da ƙasashenmu suke yi da masu wannan sana'a. A Nijeriya kuwa kowa yana tuna safiyar Lahadi, 16 ga Afrilu 2023, a Yola, lokacin da kwamishinan zaɓe na jihar Adamawa, Barista Hudu Yunusa Ari, ya bayyana Aishatu Binani a matsayin wadda ta ci zaɓen gwamna alhali ba a gama tattara sakamako ba, kuma alhali doka ta keɓe wannan aiki ga baturen zaɓe, Farfesa Mohammed Mele. Hukumar zaɓe ta soke sanarwar a ranar, bayan kwana biyu aka bayyana Ahmadu Fintiri, aka dakatar da kwamishinan, aka kai shi kotu. Shi kuma ya kare kansa da cewa bisa doka ya yi, kuma don kauce wa fitina. Ba namu ba ne mu yanke masa hukunci a wannan zaure, yana da haƙƙin a saurare shi kamar kowa. Amma mai sauraro ya lura da kamannin uzurin da wanda muka ji a Paris.

Dokar lauyoyin Nijeriya ba ta gaza ta Faransa ba a wannan babi, domin ta ba kwamitin ladabtarwa ikon gargaɗi ko dakatarwa ko soke sunan wanda halinsa bai dace da matsayin lauya ba, ko da ba a gaban kotu ya aikata ba, tare da damar ɗaukaka ƙara. Ra'ayina shi ne kada ƙungiyar lauyoyi, a Abuja ne ko a Yamai, ta jira kotun laifuka ta gama kafin ta buɗe nata littafin, domin tambayoyin biyu ba ɗaya ba ne: kotu tana neman hujjar da za ta ɗaure mutum, ƙungiya kuwa tana tambayar ko har yanzu ana iya karɓar kalmarsa. Ina ganin ya kamata duk lauyan da zai karɓi aikin zaɓe ya sanar da shugaban ƙungiyarsa a rubuce kafin ya fara, ya bayyana jam'iyya ko ɗan takarar da ya taɓa yi wa aiki, ya janye idan akwai alaƙa. Idan kuma ƙorafi ya zo, a saurare shi a bainar jama'a cikin watanni, a buga hukuncin da dalilansa, tun wa'adin kujerar da aka yi jayayya a kanta bai ƙare ba. Su ma mutanen Paris da Lyon suna da buƙatar wannan kulawa fiye da da, domin dokar Agusta 2025 ta sauya musu tsarin zaɓen gari, ta yadda daga Maris 2026 mai zaɓe a Paris yake jefa ƙuri'a biyu a rana guda, na Lyon kuma uku, kowace da akwatinta da masu tsaronta da rahoton da wani zai sa wa hannu.